Lalacewar na'urorin adana bayanai a yankin Haɗeja

Lalacewar na'urar adana bayanai ita ce yanayin da faifan kwamfuta, ko SSD, ko filash, ko katin memori na waya ya kasa karɓar sabon bayani, ko ya kasa dawo da wanda aka ajiye a cikinsa yadda aka ajiye shi. Wani lokaci lalacewar kan zo farat ɗaya, wani lokaci kuma takan ɗauki makonni ko watanni tana nuna alamu. Gano ta da wuri yana nufin lura da waɗannan alamu tun bayanan suna karantuwa. Rage ɓarnarta kuwa shi ne tanadin da ake yi domin kada mutuwar na'ura ta tafi da abin da ke cikinta.

A Haɗeja da garuruwan fadamar Kogin Haɗeja a Jihar Jigawa, na'urorin suna aiki ne a cikin zafin bazara da ƙurar hunturu da laimar damina, ga ambaliya, ga kuma wutar lantarki mara tabbas. Abin da ke cikinsu ba ƙarami ba ne: sakamakon jarrabawar ɗalibai, kundin bincike na kammala karatu, bayanan marasa lafiya, lissafin 'yan kasuwar shinkafa da kifi da riɗi, karatun malamai da aka naɗa, da hotunan iyali waɗanda sau da yawa ba su da kwafi a ko'ina.

Ire-iren na'urorin da yadda suke mutuwa

Kalmar faifai ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Asalinta faifan kaba ne da mata ke rufe ƙwarya ko bakace da shi. Da garmaho ya zo sai sunan ya koma kan baƙin faifan waƙa saboda kamannin siffa, daga nan ya bi CD, har ya kai ga abin da masu gyaran kwamfuta ke kira had-dis. A yau akan ce faifan bidiyo ko da babu wani abu mai da'ira a wurin.

Faifan maganaɗisu shi ne mafi tsufa a cikin na'urorin da ake magana a kansu a nan. Kamfanin IBM ne ya fito da na farko a 1956. Yana da fayafai 50, kowanne faɗinsa inci 24, kuma duk girman nan haruffa miliyan 5 kawai yake ɗauka, abin da bai kai wasu hotunan waya guda ɗaya na yau ba. Na zamani yana da faifai ɗaya ko fiye na alminiyom ko gilashi, masu juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Wani siririn hannu ne ke riƙe da kan da ke karatu da rubutu, shi kuma kan ba ya taɓa faifan. Yana shawagi ne a kan iskar da juyawar ke tayarwa, tazararsa da faifan 'yan nanomita kaɗan, alhali kaurin gashin mutum ya kai nanomita dubu hamsin zuwa dubu ɗari. Wannan ne ya sa faɗuwa ko bugu a lokacin da faifan ke juyawa yake da haɗari sosai. Idan kan ya gogi faifan, yakan kankare fatar maganaɗisun da bayanan ke kai, ɓurɓushin da ya tashi kuma ya ci gaba da karce sauran wuraren. Ban da wannan, injin juyawar na iya gajiya, allon lantarkin da ke ƙarƙashin na'urar na iya ƙonewa, fatar faifan ma kan raunana gurbi bayan gurbi saboda tsufa.

SSD da filash da katin memori da ma'ajiyar cikin waya duk dangi ɗaya ne. Suna amfani da fasahar filash da Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan a shekarun 1980. Babu abin da ke motsi a cikinsu. Ana tsare bayani ne ta hanyar kulle cajin lantarki a cikin ƙananan ɗakuna, kuma duk lokacin da aka goge ɗaki aka sake rubutu, bangonsa yana ɗan cinyewa. Ɗakin da ke riƙe da bit ɗaya tak yana jure gogewa kusan sau dubu ɗari. Wanda aka cusa wa bit uku ko huɗu domin araha, kamar yawancin na kasuwa, juriyarsa ba ta wuce dubu kaɗan ko ƙasa da haka. Domin kada wasu ɗakuna su riga wasu mutuwa, ƙwaƙwalwar na'urar tana rarraba rubutun a kan dukkansu.

Mutane da yawa na tsoron cewa rubutu zai cinye SSD ɗinsu, amma lissafi bai goyi bayan tsoron ba. SSD mai terabait 1 da kamfani ya ba shi garantin rubuta terabait 600, idan ana rubuta masa gigabait 20 kullum, sai ya shekara fiye da 80 kafin ya kai wannan iyaka. Abin da ya fi kashe shi a zahiri shi ne matsalar ƙwaƙwalwarsa, ko ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu. Irin wannan mutuwar kuwa ba ta cika yin sallama ba: jiya yana aiki, yau kwamfuta ba ta ganinsa sam.

Tsarin SMART

Kusan duk faifan maganaɗisu da SSD na yau suna da tsarin da ke sa ido a kan lafiyarsu daga ciki, wanda ake kira SMART. Sunan taƙaitawa ce ta kalmomin Turanci masu nufin fasahar duba kai da nazari da kai rahoto. IBM ya fara irin wannan a 1992. Daga baya kamfanin Compaq, tare da masu ƙera faifai Seagate da Quantum da Conner, ya ɓullo da nasa mai suna IntelliSafe, wanda aka miƙa a 1995 domin ya zama ƙa'ida ta bai ɗaya.

Tsarin yana riƙe da ƙididdiga iri-iri, kowacce da lambarta. Lamba 9 tana ƙirga sa'o'in da na'urar ta yi a kunne, lamba 194 tana nuna zafinta. Waɗanda suka fi muhimmanci su ne masu alaƙa da gurabun da faifai ya kasu gida-gida a kansu. Kowane faifai yana fitowa daga masana'anta da wasu gurabu na ko-ta-kwana. Idan wani gurbi ya lalace, na'urar takan yi shiru ta maye shi da ɗaya daga cikinsu, ta kuma ƙara ɗaya a lamba 5. Lamba 197 tana ƙirga gurabun da suka fara wuyar karantuwa amma ba a riga an maye su ba, lamba 198 kuma waɗanda aka kasa gyarawa. A lafiyayyen faifai duk ukun sifili ne. Akwai kuma lamba 199, wadda takan tsorata mutane a banza, domin yawanci kebul mara kyau ko wanda bai zauna daidai ba take nunawa, faifan kansa lafiya lau.

Tambayar ita ce ko waɗannan lambobi suna faɗar gaskiya. A 2007 wasu injiniyoyin Google uku, Eduardo Pinheiro da Wolf-Dietrich Weber da Luiz André Barroso, sun wallafa nazarin da suka yi a kan fayafai fiye da 100,000. Sun gano cewa faifan da aka ga kuskuren farko a binciken fatarsa, yiwuwar mutuwarsa cikin kwana 60 ta ninka ta sauran sau 39. Wanda ya maye gurbi a karon farko, tasa ta ninka sau 14. Sai dai sun gano wani abu mai sanyaya gwiwa: kashi 56 cikin 100 na fayafan da suka mutu ba su nuna komai ba a cikin alamu huɗu mafi ƙarfi, kashi 36 cikin 100 kuwa ba su nuna kuskure ko ɗaya ba a duk tsarin. Kamfanin Backblaze na Amurka, mai ajiye wa mutane bayanai, ya fitar da nasa alƙaluman a 2016 bisa lambobi biyar da yake bibiya, wato 5 da 187 da 188 da 197 da 198. Kashi 76.7 cikin 100 na matattun fayafansa sun nuna alama a aƙalla ɗaya daga ciki, alhali a cikin masu aiki kashi 4.2 ne kawai suka nuna.

Ma'anar wannan ga mai kwamfuta ɗaya a shago ita ce, gargaɗin SMART abin ɗauka da gaske ne, amma shirunsa ba shaidar lafiya ba ce. Kusan ɗaya cikin huɗu, ko ma ɗaya cikin uku, na fayafan da za su mutu ba za su ce uffan ba.

Haka kuma bai kamata a ruɗu da adadin sa'o'in da kamfanoni ke rubutawa a takardar kaya ba. Idan aka ce sa'a miliyan ɗaya, ba ana nufin faifai zai shekara 114 ba ne. Lissafi ne na taro, wanda ke nufin ƙasa da faifai ɗaya cikin ɗari zai mutu a shekara. Bianca Schroeder da Garth Gibson na Jami'ar Carnegie Mellon sun nuna a 2007 cewa a wuraren aiki na gaske, kashi 2 zuwa 4 cikin 100 ake canzawa duk shekara, a wasu wuraren har 13.

Karanta lambobin ba ya buƙatar kuɗi. Manhajar CrystalDiskInfo ta kyauta ce a Windows, tana nuna shuɗi idan lafiya, rawaya idan akwai abin lura, ja idan abu ya ɓaci. A Linux akwai smartmontools, wadda ke iya sa faifai ya yi gajeren gwaji na kamar minti biyu ko dogo na sa'o'i. A SSD irin na NVMe ana duba kason rayuwar da aka cinye da abin da ya rage na ɗakunan ko-ta-kwana. Abin da ya fi amfani shi ne a riƙa dubawa duk wata ana rubuta lambar, domin faifan da ya shekara biyu yana kan 8 a lamba 5 ya fi wanda ya tashi daga sifili zuwa 8 cikin mako ɗaya kwanciyar hankali. Mai sayen laftof na hannu ma yana da abin dubawa a nan. Shekara ɗaya sa'a 8,760 ce, don haka faifan da lamba 9 ta nuna 35,000 ya yi daidai da shekara huɗu a kunne ba dare ba rana, ko da jikin kwamfutar yana sheƙi. Maguɗanta na iya goge wannan lamba, shi ya sa dogon gwaji ya fi ta zama hujja.

Alamun da ake gani da ji

Ba kowace alama ce sai da manhaja ba. Faifan maganaɗisu mai ƙas-ƙas a jere, ko wanda yake tashi ya tsaya ya sake tashi, kansa ne ya kasa samun hanya, kuma kowane minti da ya ƙara a kunne ɓarna yake ƙarawa. Kwamfutar da ke daskarewa duk sanda aka buɗe wata folda guda, ko kwafin da ke gudu sai ya tsaya cak a wuri ɗaya, alama ce ta gurbin da ake ta ƙoƙarin karantawa. Hoton da ya buɗe rabi sauran toka-toka, da sunayen fayil da suka rikiɗe suka zama baƙaƙe marasa ma'ana, da Windows da ke neman gyara faifai a kowane kunnawa, duk suna cikin wannan sahu. Katin memori ko SSD da ya ƙi karɓar sabon rubutu amma yana bari a karanta, ya kulle kansa ne domin ya kusa ƙarewa. Wannan dama ce ta ƙarshe ta kwashe kaya, ba matsalar da fomatin zai warware ba.

Akwai kuma abubuwan da ke kama da lalacewa alhali na'urar lafiyarta ƙalau. Filash da aka zare ana cikin rubutu yakan ce sai an yi masa fomatin, domin tsarin FAT32 da exFAT da ake amfani da su a filash da kati ba su da littafin da ke rubuta aikin da ake ciki, irin wanda NTFS ke da shi. Bairos ɗin nan da ke yawo a shagunan buga takardu, mai mayar da folda ta zama gajeriyar hanya, ɓoye fayilolin kawai yake yi. Ɗalibai da dama sun goge aikinsu da hannunsu a kan wannan, suna zaton ya riga ya tafi.

Yanayin fadamar Haɗeja

Kogin Haɗeja ya samu ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa. Yana ratsa Wudil da Ringim ya iso Haɗeja, ya bazu cikin dausayin Haɗeja da Nguru, sannan ya haɗu da Kogin Jama'are su zama Komadugu Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Tun daga lokacin ruwa ya koma gudana a kogin har da rani, abin da ya ba ciyawar kachala damar mamaye hanyoyin ruwa. Kachala na rage gudun ruwa, yashi da laka su taru, idan ruwan Agusta da Satumba ya zo sai ya rasa hanya ya fantsama cikin gonaki da garuruwa. Ƙananan hukumomin Auyo da Kafin Hausa da Kaugama da Malam Madori da Kiri Kasamma da Guri sun saba da wannan. An yi manyan ambaliya a 2012 da 2018 da 2020 da 2022, kuma a irin waɗannan shekaru mutanen Haɗeja kan fito su yi jinga da buhunan ƙasa domin tare ruwa daga shiga gari. A 2022 ambaliyar ta kashe mutane fiye da 600 a faɗin Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Ruwan ambaliya shi ne haɗarin da kowa ke gani, amma laima ta fi shi yawan aiki domin tana nan duk damina. A 2016 masu bincike daga Jami'ar Rutgers da kamfanin Microsoft sun wallafa nazari a kan fayafai fiye da miliyan ɗaya a cibiyoyin bayanai tara. Sun gano cewa laimar iska ta fi zafi tasiri wajen kashe faifai, kuma ɓarnar ta fi faɗawa kan allon lantarki da mahaɗansa, inda tsatsa ke ci a hankali. Wannan ya dace da ɗakin da bangonsa ke tsattsafo a watan Agusta, ko kwamfutar tebur da aka ajiye a ƙasan siminti. Haka nan na'urar da aka fito da ita daga ɗaki mai sanyin AC zuwa iska mai laima takan yi raɓa, kamar yadda kwalbar ruwan sanyi ke yi, kuma bai dace a kunna ta ba sai ta daidaita da wurin.

Batun zafi yana da ɗan sarƙaƙiya. Nazarin Google bai sami alaƙa mai ƙarfi tsakanin matsakaicin zafi da mutuwar faifai ba, sai dai fayafan da aka nazarta a ɗakuna masu sanyaya suke. A Haɗeja zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, faifai kuma yana ƙara nasa a kan na ɗaki. Iyakar da yawancin kamfanoni ke gindayawa tana tsakanin digiri 55 da 60, don haka laftof da aka ɗora a kan katifa a shago mai rufin kwano da azahar ba shi da nisa da ita. Ga dangin filash zafi yana da wata illar daban: yana hanzarta zurarewar cajin da ke riƙe da bayanai idan na'urar tana ajiye ba wuta. Ƙa'idar ƙungiyar JEDEC ta ce SSD na gida da ya cinye rayuwarsa ya riƙe bayanai na shekara ɗaya a digiri 30. Sama da haka lokacin yana raguwa. Sabon SSD yana daɗewa fiye da wannan sosai, amma duk da haka filash da aka jefa cikin akwati a ɗaki mai zafi ba wurin ajiyar shekaru goma ba ne.

Ƙurar hunturu ba ta cika shiga cikin faifai ba, domin ƙaramar ƙofar iskarsa tana da matata. Fanka da ramukan iskar kwamfuta take toshewa, sai zafin ya bayyana da bazara. Bushewar iskar lokacin kuma tana tara lantarkin jiki, irin wanda ke tartsatsi idan an cire rigar sanyi, kuma yana iya ƙona allon faifai idan aka riƙe shi tsirara ba tare da an fara taɓa ƙarfe ba.

Saura wuta. Kamfanin KEDCO ne ke rarraba lantarki a Kano da Katsina da Jigawa, amma shaguna da ofisoshi da yawa suna haɗawa da janareta ko sola. Lokacin sauyawa daga wannan zuwa wancan, da sanda wuta ta dawo da ƙarfi, da tsawar farkon damina, su ne lokutan da na'ura ta fi shan wahala. Laftof yana da batirin da ke kare shi. Kwamfutar tebur ba ta da shi, shi ya sa UPS a gare ta ya fi sitabilaiza muhimmanci: sitabilaiza yana daidaita ƙarfin wuta ne kawai, UPS kuwa yana ba da 'yan mintunan da za a adana aiki a kashe cikin tsari.

Kati da filash na jabu

Ga yawancin mutanen yankin, na'urar adana bayanai ita ce katin memori da ke cikin waya, wanda ake kai wa masu turi su zuba waƙoƙi da fina-finai da wa'azi. Kati da filash galibi ba su da SMART, kuma a cikinsu ne jabu ya fi yawa. Akan ɗauki ƙaramin kati a sauya bayanin ƙwaƙwalwarsa ya riƙa cewa shi gigabait 64 ne alhali 8 ne. Da farko komai yana tafiya daidai. Da zarar an wuce gigabait 8 na gaskiya, sabon abu yakan hau kan tsoho ko ya tafi babu inda ya sauka, sunayen fayil suna nan amma cikinsu wayam. Babu manhajar da ke dawo da abin da ba a taɓa rubutawa ba. Ana gane irin wannan kati da manhajar H2testw a Windows ko F3 a Linux, waɗanda ke cika shi taf sannan su karanta su gani ko abin da aka zuba ya dawo. Gwajin yana ɗaukar lokaci, kuma ranar saye ya kamata a yi shi, kafin a zuba komai.

Rage ɓarna

Tunda wani kaso na na'urori zai mutu ba gargaɗi, ginshiƙin kariya shi ne kwafi. Ƙa'idar da ta fi shahara ita ce 3-2-1, wadda mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa: kwafi uku, a kan nau'in na'ura biyu, ɗaya kuma a wani wuri daban. A fadama wannan na ƙarshen ne ya fi nauyi. Faifan waje da ke cikin aljihun teburin da kwamfutar ke kai yana maganin mutuwar faifai, amma ruwa ɗaya ne zai ci su duka. Wani wuri daban a nan yana nufin tudun da ambaliya ɗaya ba za ta haɗa su ba, ko wani gari kamar Dutse ko Kano, ko ma'ajiyar intanet. Google na ba da gigabait 15 kyauta ga kowane asusu, wanda ya ishi takardu da kundin bincike ko da bai ishi bidiyo ba. Manyan kamfanoni ma sun sha wannan darasi. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin bayanan kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma abokan hulɗar da kwafinsu ke wuri ɗaya da asalin sun yi asarar duka biyun.

Kwafin da ba a taɓa gwada buɗewa ba shi ma abin shakka ne. A 1998, ana cikin aikin fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar, wani umarni da aka bayar bisa kuskure ya goge mafi yawan fayilolin fim ɗin. Da aka koma kan kwafin ajiya sai aka tarar ya daɗe ba ya aiki daidai. Abin da ya cece su shi ne kwamfutar wata ma'aikaciya mai jego da ke aiki daga gida.

Ofisoshi da cibiyoyin jarrabawar kwamfuta kan yi amfani da RAID, tsarin da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz suka bayyana a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1988. A nau'i na 1 fayafai biyu ne ke ɗauke da abu ɗaya. A nau'i na 5 ana ajiye wani lissafi na ƙari: kamar a ce faifai ɗaya yana riƙe da 3, na biyu 5, na uku kuma jimillarsu 8, to duk wanda ya mutu ana iya fito da nasa daga sauran biyun. RAID yana hana aiki tsayawa, amma bai maye gurbin kwafi ba, domin abin da aka goge bisa kuskure ko manhajar garkuwa da bayanai ta kulle, a kan dukkan fayafan yake faruwa lokaci guda. Fayafan da aka saya rana ɗaya kuma tare suke tsufa, kuma sake gina tsarin bayan mutuwar na farko aiki ne mai nauyi da kan fallasa raunin na biyu. Tsarin fayil irin su ZFS, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 2005, suna ƙara wani mataki: kowane guntun bayani yana da lambar tantancewa, ana kuma bi lokaci-lokaci a karanta komai domin kama ruɓewar da ba ta nuna kanta ba.

Ga asibitoci da makarantu da ofisoshin da ke riƙe da bayanan jama'a, batun ya shiga doka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin kare su daga ɓata da lalacewa, ba daga sata kaɗai ba. Sauran tanadin na gida ne kuma mai araha: a ɗaga kwamfuta da UPS daga ƙasa zuwa kan tebur ko kanta tun kafin Agusta, a sa faifan ajiya cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙullin silika masu shan laima, a kuma busa ƙurar fanka a ƙarshen hunturu.

Ambaliya na iya shafar mai faifai ko da a wata nahiya aka yi ta. A ƙarshen 2011 ruwa ya mamaye masana'antun Western Digital da na masu ƙera kayan haɗin faifai a Tailan, farashin faifai ya yi tashin gwauron zabi a duk duniya, ya kuma daɗe bai sauko ba.

Ceto bayan lalacewa

Idan faifai ya fara nuna alama amma yana karantuwa, aikin farko shi ne kwashe mafi muhimmanci, ƙananan takardu kafin manyan bidiyo. Gudanar da chkdsk ko wata manhajar gyara a kan faifai mai ciwo kuskure ne da ya zama ruwan dare, domin tana tilasta masa aiki mai nauyi tana kuma rubutu a kansa. Hanyar da ta fi ita ce a ɗauki hoton faifan gaba ɗaya zuwa wani lafiyayye da manhaja irin GNU ddrescue, wadda ke fara kwashe wurare masu sauƙi ta bar masu wuya sai ƙarshe. A kan wannan kwafin ne ake gwada TestDisk ko PhotoRec. Abin da aka ceto kuma ba a mayar da shi kan na'urar da aka ceto shi daga ciki.

Na'urar da ruwa ya ci ba a kunna ta, ko da don a gani ko tana aiki. A waya da laftof ana cire batiri idan yana ciruwa. Katin memori da filash sukan tsira: a ɗauraye su da ruwa mai tsabta domin cire laka, a bar su su bushe sarai na kwanaki a inuwa. Binne waya cikin shinkafa, duk da shahararsa da kuma arahar shinkafa a Haɗeja, bai fi shanya ta a iska ba, kuma ba ya cire dattin da ke haddasa tsatsa. Faifan maganaɗisu kuwa akasin haka ake yi masa. Masu sana'ar ceto bayanai suna ba da shawarar kada a busar da shi, a sa shi cikin leda a ɗaure da damshinsa a kai musu da wuri, domin idan ruwan kogi ya bushe a ciki yakan bar laka da gishiri manne a fatar faifan, kuma da zarar ya juya kan zai bi ta kansu. Buɗe murfinsa a shago ma yana ƙarasa shi, tunda aikin yana buƙatar ɗaki mai tatacciyar iska.

Fatar maganaɗisu tana da juriya fiye da yadda ake zato muddin ba a karce ta ba. Bayan tarwatsewar kumbon Columbia na Amurka a watan Fabrairun 2003, an tsinci wani faifan Seagate a jihar Texas, ya ƙone ya narke ta waje. Kamfanin Kroll Ontrack ya ciro fayafan cikinsa ya wanke su ya dasa su a wani jikin, ya dawo da kusan kashi 99 cikin 100 na bayanan wani gwajin kimiyya da aka yi a sararin samaniya, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2008. Irin wannan aiki yana da tsada ƙwarai, kuɗinsa yakan ninka na sabon faifai sau da yawa, kuma SSD ya fi faifan maganaɗisu wuyar ceto saboda yadda ƙwaƙwalwarsa ke warwatsa bayanai, a wasu ma ta rufe su da lambar sirri.